Mahaɗan N da na saya don eriyar megahaz 145

Shekara uku na yi ina amfani da mahaɗin PL-259, wato kan ƙarfen da ake jona waya da shi, a bakin wayar RG-213 da ta haɗa rediyona na aika magana da eriyar da ke saman gida, kuma ban ga aibinsa ba sai da daminar bara ta yi nisa. Tun shekarun 1930 aka ƙera irin wannan mahaɗi, ba ya riƙe om 50, wato ma'aunin turjiyar lantarki da rediyo da waya da eriya ke aiki a kansa, yadda ya kamata, kuma ba shi da robar da ke tare ruwa, saboda haka da na kwance shi sai na tarar sulken wayar ya yi baƙi kusan kamu guda. Wannan ne ya sa na sayi mahaɗin N guda 10, irin wanda Paul Neill ya ƙera a shekarun 1940, domin shi yana da robar tare ruwa.

Da farko na yaba ƙwarai. Suna da nauyi a hannu, zarensu yana ɗauruwa sumul, farin abin da ke riƙe da allurar tsakiya bai narke ba lokacin da na liƙa ta da dalma, wanda ya tabbatar mini cewa Teflon ne na gaske. Na'urar awo ta nuna SWR 1.2, wato awon ƙarfin da ke komowa baya maimakon ya fita ta eriya, wanda kusantarsa da 1 ita ce alamar lafiya, na sauko daga kan kwano ina godiya ga Allah.

Washegari da yamma iska ta taso, sai awon ya fara tsalle daga 1.2 zuwa 3, rediyon kuma ya riƙa rage ƙarfinsa da kansa, abokan magana suna ce mini muryata tana ɗaukewa. Kwana biyu ina zargin eriya, na hau sama har sau uku cikin rana, na yanke waya mai lafiya na sake haɗawa, duk ba abin da ya canza. Sai da wani dattijo da ya koya mini wannan aiki ya jera mahaɗan a kan tebur, ya ce, "Yarona, dubi allurarsu da kyau." Huɗu daga cikin goman na om 75 ne, allurarsu ta fi siriri, shi ya sa idan ta shiga macen om 50, wato mahaɗi mai rami da allurar ke shiga, ba ta kamawa, iska na kaɗa waya sai haɗin ya saki. Ɗaya daga cikinsu ne na ɗaura a gindin eriya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu wani rubutu a jikin leda ko a jikin ƙarfen da ya bambanta su, kuma da na koma wurin mai shagon sai ya ce ai duk N ne, ya ƙi karɓar ko guda. Da akasin haka ne, wato allurar om 50 mai kauri ta shiga macen om 75, da ta buɗe bakinta ta lalata ta gaba ɗaya.

Shidan da suka rage suna aiki, awon ya tsaya a 1.2 har cikin ruwan sama, amma duk lokacin da na tuna wayar da na yanke a banza sai yabon ya gagare ni. Huɗun nan suna cikin gwangwani na rubuta 75 a jikinsu, kuma yanzu da macen om 50 nake zuwa kasuwa in gwada kowane ɗaya kafin in biya.