Seachem MatrixCarbon: wane warin tankin murjani yake kashewa, wane ne ya fi ƙarfinsa?

Tankin murjani, wato akwatin gilashi mai ruwan gishiri da ake kiwon murjanin teku mai rai a ciki, in yana da lafiya ba ya cika ɗaki da wari. In ka sunkuya a kansa, ɗan ƙarnin teku za ka ji, shi ke nan. Da ɗaki ya fara ɗauka, yawancin masu kiwo gawayin tace ruwa suke fara nema, kuma MatrixCarbon na kamfanin Seachem na Amurka sananne ne a wurinsu. Gawayi ne mai kyau, sai dai warin da ya narke cikin ruwa kawai yake iya kamawa, alhali ba duk warin tanki ne daga nan yake fitowa ba.

Shi murjani da kansa halitta ce mai ƙarni. Masu tauri irin Acropora suna ɗauke da sinadarin DMSP mai yawa, wanda in ya warware yake zama DMS, iskar nan mai warin bakin teku. Shi ya sa in ka ciro reshe don ka yanka, majinar da yake fitarwa take manne wa hannu har bayan an wanke da sabulu. Masu laushi sun fi muni. Xenia in ta fito daga ruwa ɗoyinta ba ya ɓuya, su kuma Sarcophyton da Sinularia suna zuba sinadaran kare kai cikin ruwa, musamman lokacin da suke saɓa, fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mata kakin zuma sannan ta ɓare. Waɗannan sinadaran suna sa ruwa ya yi gafi, suna kuma hana murjanin da ke kusa buɗewa. A nan MatrixCarbon yake nuna kansa: cikin kwana ɗaya zuwa biyu gafin ya ragu, ruwan da ya soma yin rawaya ya washe.

Abin da ya bambanta shi da gawayin da aka saba gani shi ne siffarsa. Ƙwayoyinsa kewayayyu ne masu tauri, ba ɓarɓashi ba, don haka ba sa cushewa, ruwa kuma yana ratsa su ko'ina maimakon ya fasa hanya ɗaya ya bar sauran a zaune. Ƙurarsa kaɗan ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda an danganta ƙurar gawayi mai taushi da zaizayewar fatar kai da ta gefen jiki a kifayen tang, wasu kifayen teku da ake kiwo a irin wannan tanki. Inda ya gaza shi ne sauri. Gawayi mai ƙananan ƙwayoyi irin ROX 0.8 ya fi shi hanzarin tsotsewa. A tankin murjani kuwa wannan jinkirin yakan zama alheri, dalili na tafe.

Kamfanin ya ce mililita 250 ta ishi lita 400 na ruwa har tsawon watanni. Awon daidai ne, maganar watannin ce ta yi yawa ga tankin da ke cike da murjani masu laushi. Ramukan gawayi suna cika, ƙwayoyin cuta kuma su lulluɓe shi, sai ya koma mazauninsu kawai. Sauya shi duk mako 3 zuwa 4. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi ruwan tanki a farin bokiti, ka ajiye kusa da wani mai sabon ruwan gishiri. In na tankin ya fi rawaya, gawayin ya gaji.

Karon farko fara da rabin awo. Ruwan da ya daɗe da rawaya yana tare haske, in gawayi ya tsabtace shi dare ɗaya hasken da ke isa ga murjani ya ƙaru farat ɗaya, na saman dutse su koɗe. Bayan mako guda sai a cika awon. Kafin sakawa, zuba shi a jakar raga, ka ɗauraye da ruwan RO, wato ruwan da na'ura ta tace tsaf, har ruwan ya fito garau. Kada ka murza. Ajiye jakar a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban, inda dole ruwa ya bi ta cikinta. In ka jefa ta a lungu ruwa yana kewaye ta, aikin banza ne. In kuma bututun tacewa kake amfani da shi, wanda famfo ke tura ruwa ta cikinsa, matse gawayin tsakanin soso biyu ka rage gudun ruwa don kada ƙwayoyin su riƙa birgima suna niƙa juna.

Warin ruɓa fa, wannan ba na gawayi ba ne. In ka ji ɗoyin mushe, kashe famfunan kaɗa ruwa ka duba kowane murjani. A murjanin Euphyllia nemi wata laka mai ruwan ƙasa a kan baki. Cuta ce mai saurin yaɗuwa, takan cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu. Zuƙe lakar da siririn tiyo kafin ka taɓa shi, fitar da shi, yanke kan da ya kamu, tsoma ragowar a ruwan aidin na murjani. Duba bayan duwatsu ma, dodon koɗi ɗaya da ya mutu ya isa ya ɓata ƙaramin tanki. Daga nan auna amoniya, gubar da ruɓa ke saki cikin ruwa, ka sauya kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan, domin gawayi ba ya cire amoniya ko naitiret. Haɗarin ma shi ne ya rage warin, ka ɗauka an wuce wurin alhali nama na ci gaba da narkewa.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa daga ƙarƙashin yashi mai kauri yake, inda iska ba ta kaiwa, kuma za ka ga baƙin tabo ta jikin gilashi. Iskar guba ce ga kifi. Kada ka tone yashin gaba ɗaya, zuƙe shi kaɗan-kaɗan a lokutan sauya ruwa.

Sau da yawa mai laifin warin ɗaki shi ne kofin injin kumfa, injin da ke tsamo datti daga ruwa ta hanyar kumfa, domin a kofin nan baƙin datti ke taruwa. Wanke shi duk kwana 2 zuwa 3. Ɗora ƙaramar jakar busasshen gawayi a kan ramukan murfinsa yana rage warin da ke fita, MatrixCarbon kuma ya dace da wannan tunda ba ya toshe iska.

Ga masu kiwon murjanin Palythoa da Zoanthus: wasunsu suna ɗauke da dafin palitoksin, hanci kuma ba zai gargaɗe ka ba. Duk yadda dutsen da suke kai ya yi ɗoyi, kada a tafasa shi ko a zuba masa ruwan zafi, tururin ya sha kai mutanen gida guda asibiti. Sa safar hannu da tabarau kafin ka taɓa su, dutsen da za a zubar kuma a ɗaure shi cikin leda biyu.