Masaukin ɗalibai marar kayan maye a jami'o'in Amurka: abin da yake bayarwa da inda yake gazawa

Tun bayan dokar tarayya ta 1984 duk jihohin Amurka suka mayar da shekarun fara shan giya 21, wato a takarda kusan duk ɗan aji ɗaya bai isa sha ba. Sai dai wanda ya san daren Juma'a da Asabar a ɗakunan kwanan ɗalibai ya san takarda daban, zahiri daban. Shi ya sa jami'o'i da yawa suka ware gini guda, ko hawa ɗaya a bene, inda ɗalibi ke sa hannu cewa ba zai shigo da giya, sigari, wiwi ko ƙwaya ba, baƙonsa ma haka. Jami'ar Michigan na cikin waɗanda suka fara tun ƙarshen shekarun 1980.

Ana zaɓensa ne a fom ɗin neman masauki kafin a fara zangon farko, kuma galibi kuɗinsa ɗaya da sauran ɗakuna. Abin da ɗalibi ke samu a fili yake. Banɗakin da mutum ashirin ko talatin ke rabawa ba a wayi gari ranar Lahadi da amai a ƙasansa ba. Ba mai buga maka ƙofa ƙarfe uku na dare, kuma ba za ka kwana kana juya abokin ɗakinka a gefe don kada ya shaƙe ba. Binciken da Henry Wechsler na Jami'ar Harvard ya jagoranta, wanda ya fito a 2001, ya nuna mazauna irin wannan masauki ba su cika shan wuce kima ba, kuma illar shan wasu ba ta cika shafarsu ba. Ta wannan fuska tsarin ya cika alkawarinsa.

Maganar da ake yaɗawa ita ce wurin na 'yan boko ne zalla, ko masu tsananin addini, ko waɗanda iyaye suka tilasta. Wannan kuɗin goro ne. Akwai 'yan wasan motsa jiki, akwai masu asma da hayaƙi ke tayar wa, akwai wanda ya tashi a gidan da giya ta ɗaiɗaita, har ma da mai sha a waje amma yana son barci cikin natsuwa. Hira kuwa ba ta mutu ba, salo ta sauya: ƙofofi a buɗe, kallon fim a falo, wasan kati, girki a kicin na haɗaka har dare ya raba. Gaskiya dai akwai shiru a ƙarshen mako, kuma mai jin kunya zai iya jin an bar shi baya a makonnin farko.

Matsalar da ta fi yawa daga fom take farawa. Uwa ko uba ya cike wa yaro ba da saninsa ba, ko ofishin masauki ya cusa waɗanda ba su nema ba don cike gadaje. Mutum biyu ko uku irin waɗannan sun isa su ɓata hawa guda, domin ba su ɗauki alkawarin a bakin komai ba, sai mai kula da hawan, wanda shi ma ɗalibi ne, ya koma ɗan sanda. Haka kuma hawa ɗaya a tsakiyar bene ba ya hana hayaniyar sama da ƙasa. Ware gini sukutum ya fi ware hawa ɗaya, nesa ba kusa ba.

A karanta yarjejeniyar da kyau. Wasu jami'o'in shigo da kayan kawai suka hana, wasu har da dawowa a buge. Wanda ya karya doka akan fara da gargaɗi, daga baya a mayar da shi wani gini.

Kada kuma a rikita shi da masaukin masu farfaɗowa daga shaye-shaye, irin wanda Jami'ar Rutgers ta buɗe a 1988. Can akwai masu ba da shawara da tarurruka na musamman, nan babu. Ɗalibin da bai daɗe da dainawa ba, waccan kulawar yake buƙata, ya tambaye ta da sunanta tun kafin ya cike fom.