Rumfar dara ta kuɗin mako: me ake saye da naira 200?

Dara ba a sayenta. Duk inda aka sami yashi da mutum biyu marasa gaggawa, an sami dara. Shi ya sa baƙo ke yin dariya in ya ji cewa a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari akwai rumfar da ake biyan naira 200 duk mako kafin a zauna a buga. To kuɗin ba na wasan ba ne. Na yashi ne da layi da alƙali, kuma matsalar waɗannan ukun ce kan kashe majalisun dara.

A fara da yashin, don nan ne rumfar ta fi ƙarfi. Na rafi ne, ana tankaɗe shi da rariya a fitar da tsakuwa da ƙaya, a zuba shi cikin wani ɗan daɓe da aka kewaye da bulo, kaurinsa kamar yatsu huɗu. Fili uku ne, kowanne gurbi 30, jeri biyar a kwance shida a tsaye. Ana danna gurbin da dunƙulen hannu, zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Kafin la'asar yaron rumfa yakan yayyafa ruwa rabin buta a kowane fili, ya bar shi ya sha iska. Wannan rabin butar ba ƙaramin abu ba ne. In yashi ya bushe ƙamas, musamman da hunturu, bakin gurabe na zaizayewa, biyu su haɗe su zama ɗaya, sai ka ji ana rantsuwa a kan inda kara yake tun farko. In kuma ruwan ya yi yawa, yashi ya manne wa 'ya'yan dara, ana ɗaga ɗaya sai ya taho da rabin gurbinsa.

'Ya'yan darar 12 ne ga kowane ɓangare. Ɗaya na riƙe da karan gero da aka yanka daidai tsawon ɗan yatsa, ana soka shi a tsaye, ɗayan kuma ƙwallon dabino. Karan na saurin karyewa, kuma gara na cin sa in ya kwana a ƙasa, don haka akwai gwangwanin madara cike da na canji rataye a jikin ginshiƙi. Ƙwallon dabino ya fi tsakuwa, don ba ya sajewa da yashi ko da yamma ta yi.

Dokar wasa a rubuce take da ajami a jikin wani allo, abin da ba kasafai ake gani ba. Lokacin zuba 'ya'ya ba a jera uku. Bayan an gama zubi ana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa. Jera huɗu ba ci ba ne. Kuma ba a cire ɗa daga cikin ukun da ke jere. Wannan ta ƙarshen ita ce garuruwa ke saɓani a kanta, kuma ita ce takan haɗa ɗan gari da baƙo faɗa, shi ya sa rubuta ta ya yi amfani. Alƙalin wani dattijo ne da ya daina bugawa saboda ido, amma kunnensa da ƙwaƙwalwarsa ba su tsufa ba. In aka yi gardama, sai ka ji ya ce, “Malam, mayar da karanka inda yake, ka taɓa ka taka.” Ba wanda ke ja da shi.

Layi kuwa mai ci ne ke zama, wanda aka cinye ya tashi. Amma an yi wa mai ci iyaka: in ya cinye mutum uku a jere, shi ma ya tashi ya sha shayi. Ba don wannan ba, gwanaye za su mallake filaye tun daga la'asar har magariba, saura su zama 'yan kallo da kuɗinsu.

Daga kuɗin makon ake sayen ganyen shayi da sukari da gawayi, a ba yaron rumfa nasa, ragowar ta shiga asusu. Asusun nan shi ne ainihin abin da ya riƙe mutane. In ɗan rumfa ya yi suna ana kai masa gudummawa, in an kwantar da shi a asibiti ana tura mutum biyu dubiya, in rasuwa aka yi masa ranar ba a buɗe fili, duk a can ake zaman makoki. Wanda aka kwana biyu ba a gan shi ba, za a aika yaro ya leƙa gidansa. Turawan Ingila ma suna da irin wannan a wasansu na mirgina ƙwallo a kan ciyawa, wanda yawanci dattawa ke yi, har akwai fili a birnin Southampton da ake wasan a kansa tun 1299. Su ma kuɗin ƙungiya suke biya, su sha shayi bayan wasa. Bambancin shi ne can mata da maza duk suna bugawa, nan kuwa rumfar ta maza ce zalla.

Caca haramun ce a wurin, ko ta goro ɗaya. Ana kiran salla ake kifa kwando a kan kowane fili a ɗora dutse, saboda kaji da awaki, a tafi masallaci.

Sai aibobin. Babba shi ne bakin 'yan kallo. Doka ta hana faɗa wa mai wasa inda zai taka, amma ba ta hana tari da gyaran murya ba, kuma kowa ya san ma'anarsu. In wani Bafulatani da wani Babarbare suka zauna, barkwanci kan rufe wasan gaba ɗaya, wannan ya ce wa wancan bawansa, abin dariya ne da daɗi, sai dai mai son nutsuwa ya lissafa taku uku a gaba zai sha wahala. Kamata ya yi a keɓe fili ɗaya na shiru.

Na biyu fitila. Ƙwan sola ɗaya ne a tsakiyar rumfa, batirinsa ya gaji, ba ya kai awa biyu bayan isha'i, kuma inuwar kan mai wasa kan faɗo daidai kan gurabe. Ƙwai biyu a gefe da gefe za su magance wannan. Rufin ma zana ce, tana yoyo, don haka da damina yashi kan jiƙe ya kwana uku bai bushe ba. Lokacin dai kowa na gona, ba a cika damuwa ba.

Na uku, samari ba sa samun wuri. Ba a hana su ba, amma saurayi ba zai iya ce wa sa'an babansa “Baba, layina ne” ba, sai ya yi ta zama har a tashi. In ba a ware musu lokaci ba, ko da hantsin Juma'a ne, za su koma gidan kallon ƙwallo.

Mai son gwadawa, baƙo ba ya biyan komai a zuwan farko. Lokaci mafi kyau bayan kaka ne, daga an gama kai amfanin gona gida zuwa ƙarshen hunturu. Ranar Alhamis kada a zo da rana, duk suna kasuwar Maigatari, sai bayan magariba rumfar ke cika. A taho da goro huɗu ko biyar a miƙa wa alƙali ya raba, a kuma karanta allon kafin a zauna.