Gargaɗi ga direbobin dizal: kada a yanke muku matatar DPF kafin a auna ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi na Jidda da Makka da Madina, musamman masu jigilar alhazai da masu ɗaukar kaya.

Akwai wasu masu tallar gyaran mota a WhatsApp da TikTok, wasunsu ma da 'yar warsha (garejin gyara) a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, da suka mayar da matatar hayaƙi ta DPF saniyar tatsa. Wutar gargaɗi ta kama a dashbod, mota ta daina ja, kana taka totur amma injin ya ƙi wuce juyi 2,500 ko 3,000. Kana zuwa, bai ko leƙa ƙarƙashin motar ba, sai ya ce matata ta mutu. Wani zai jona kwamfuta ya goge lambar matsalar, ya karɓi kuɗin wanki, bayan kwana kaɗan wutar ta dawo. Wanda ya fi shi mugunta kuwa kwance tulun da matatar ke ciki yake yi, ya tsaga, ya kwashe abin da ke ciki, ya yi walda ya mayar maka da fanko a matsayin sabuwa ko ta tashlih (inda ake sayar da kayan motocin da aka wargaza), sannan ya taɓa manhajar motar don kada wutar ta sake kamawa. Abin da ya kwashe ɗin yawanci akwai ɗan ƙarfen filatinam a jikinsa, kuma akwai masu sayensa. Ka biya shi, ya kuma sayar da kayanka.

Aikin matatar shi ne tare kunkunniyar hayaƙi. Idan ta taru, motar da kanta take ƙone ta da zafin da ke kai wa kusan digiri 600, amma sai an ba ta hanya: tafiyar minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, gudu sama da kilomita 60. Wanda ke wuni a cunkoso, ko ya bar injin a kunne yana jiran fasinja da na'urar sanyi, ba ya ba ta wannan damar. Idan wutar DPF kaɗai ce ta kama, babbar hanyar Jidda zuwa Makka sau da yawa ta isa magani.

Idan ƙarfi ya riga ya ragu, to a jona kwamfuta, amma kana tsaye, kuma ka ɗauki hoton lambobin kafin a goge. P2463 na nufin kunkunniya ta yi yawa, P242F toka ce ta cika, P2002 kuma matatar ba ta tacewa yadda ya kamata. Daga P2452 zuwa P2455 maganar sansar matsin iska ce, ba matatar ba. Wannan sansa tana da siraran tiyo da ke zuwa jikin tulun, zafi yana tsaga su, kunkunniya tana toshe su, sai ta riƙa kai wa kwamfuta rahoton ƙarya. Gwajin ba wuya: a murɗa makulli ba a tayar da injin ba, matsin ya kamata ya nuna sifili ko kusa da shi. In ya nuna babbar lamba alhali injin na kashe, matatar ba ta da laifi tukuna. A injin da ke silo kuwa, matata mai tsafta ba ta cika wuce milliba 10 ba.

Bakaniken da bai tambayi abin da ya sa ta toshe ba, a raina aikinsa. Bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin) da ya maƙale, nozul mai ɗigon mai, tiyon turbo da ya fashe, ko tamostat da aka cire saboda tsoron zafi har injin ba ya kai ɗumin da ake buƙata, duk suna cika sabuwar matata kamar yadda suka cika tsohuwar. Haka baƙin mai: mota mai DPF tana son mai ƙarancin toka, irin su ACEA C2 ko C3, gwargwadon abin da littafinta ya ce. Ita toka ba ta ƙonewa, don haka duk ruwan kwalbar da za a zuba a tanki ba zai fitar da ita ba, sai an kwance an wanke da inji. A kuma zaro sandar gwajin mai. In ya haura alamar sama yana warin dizal, ƙonawar ce ke yawan katsewa, a juye shi. Ƙonawar dole ta kwamfuta a kan matatar da ta cika maƙil tana iya tsaga ta, ko ta narkar da cikinta.

Wani abin dariya, da yawa daga tsofaffin motocin dizal na kasuwar nan ba su ma da DPF, amma ana karɓar kuɗin wanke ta.

Bayan gyara, ko in za ka sayi mota a Haraj, kasuwar motocin hannu, bari salansa ta huce ka sa yatsa a bakinta. Mai lafiyayyar matata ba ta barin baƙi sosai. In yatsa ya fito baƙi ƙirin, an huda ta ko ta tsage. Haska tulun da fitilar waya ka nemi sabon layin walda. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai sunan warsha da aikin da aka yi, ka ce a saka maka tsohuwar matatarka a bayan mota. In an cuce ka, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900, kuma faturar nan ce hujjarka.