Sharhi kan rangadin kallon tsuntsaye a gindin ƙanƙarar Mendenhall

Duk wanda zai je Juno, babban birnin jihar Alaska ta Amurka, a watan Mayu, ina ba shi shawarar ya biya kuɗin ɗan jagora. Ni na bi wani ƙaramin kamfani da ke fita da mutane da sassafe zuwa dutsen ƙanƙara na Mendenhall, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari, cikin gandun dajin Tongass. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ƙanƙarar kowa zai gan ta, ga ta nan shuɗiya a ƙetaren tafki. Abin da ɗan jagoran ya ƙara mana shi ne ido. Ya kafa madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ya saita shi kan wasu ɗigo-ɗigon fari can saman dutse, sai ga awakin dutse suna kiwon sabon tsiro. Da ni kaɗai ne, wallahi ragowar ƙanƙara zan ɗauka. Haka ya nuna mana beguwa a kan reshe tana cin toho, da gaggafa mai farin kai.

Amma waɗanda suka tafi da zuciyata su ne tsuntsayen tan na Aktik. Farare ne, da baƙin kai, jan baki da jajayen ƙafafu. Daga yankin Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, suke tasowa, kuma kai-komonsu a shekara yakan kai kilomita 70,000. Ba sa saƙa sheƙa a itace, a ƙasa suke ƙwai cikin tsakuwar bakin tafki, shi ya sa hukumar gandun daji ke killace wurin. Na ga ɗaya ya tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai, ya faɗa ruwa, ya fito da ɗan kifi ya kai wa macen. Da wani cikinmu ya matsa kusa da shingen don ɗaukar hoto, ɗan jagoran ya dawo da shi cikin ladabi, ya ce uwa in ta tashi daga kan ƙwai, sanyi da hankaki ne ke cin riba. Wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Inda suka gaza, madubin hannun da suka ara mana tsoho ne, da yayyafi ya sauko sai ya yi hazo daga ciki. Ku taho da naku, da rigar ruwa. Lokacin ma ya yi kaɗan, ba mu samu ƙarasawa magangarar ruwa ta Nugget ba.

Hoton beyar da ke kan tallarsu kuma kada ya ja ku. An fi ganin beyar daga watan Yuli, sa'ad da kifin salmon ke haurowa rafin Steep. Ya kamata su faɗi haka tun wajen sayen tikiti.