Ithaca da Ames: Garuruwan Jami'a Biyu da Bambancin Madogararsu

Wani ɗan'uwa daga cikinmu ya yi tambaya ko ƙananan garuruwan jami'a na Amurka duk tafiyarsu ɗaya ce, wato jami'a ce ke ciyar da kowa, ko kuwa akwai masu wata madogara ta daban. Amsar za ta fi fitowa fili idan aka jera Ithaca ta jihar New York, mazaunin Jami'ar Cornell, da Ames, mazaunin Jami'ar Jihar Iowa. A ƙidayar 2020 mutanen Ithaca sun ɗan haura 32,000, na Ames kuma sun ɗan haura 66,000. Jami'o'in biyu sun ci gajiyar doka ɗaya, Dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohi filayen gwamnatin tarayya domin su sayar su kafa kwalejojin noma da sana'a. Bai kamata a manta ba cewa akasarin filayen nan daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su.

A Ithaca gari ne ya riga jami'a. Tun 1821 take da hukumarta, tana cinikin katako da gishiri ta kan tafkin Cayuga. Ezra Cornell ya zo garin yana matashi mai aikin hannu a injinan niƙa, daga baya ya yi arziki a harkar wayar tangaraho, kuma a 1865 shi da Andrew Dickson White suka kafa jami'ar, aka fara karatu a 1868. Dabararsa ita ce ya ƙi yarda a yi gwanjon takardun filayen da jihar ta samu a lokacin da farashinsu ya faɗi. Ya saye su da kansa, ya zaɓi dazuzzukan katako a Wisconsin, aka jira har suka yi daraja, ribar miliyoyin daloli ta shiga asusun jami'ar. Shi ya sa Cornell ta tashi a matsayin jami'a mai zaman kanta kuma mai dukiyar kanta, ko da yake jihar na ɗaukar nauyin wasu kwalejojinta, ciki har da ta noma.

A Ames kuwa makaranta ce ta riga gari. An kafa kwalejin noma a 1858, sai a 1864 aka yanka garin a matsayin tashar jirgin ƙasa, aka sa masa sunan Oakes Ames, ɗan majalisa daga Massachusetts, sannan aka fara karatu a 1869.

Babban bambancin yana cikin abin da ya taru a gefen kowace jami'a. Ithaca ta taɓa samun masana'antu na gaske: kamfanin bindigogi na Ithaca Gun da kamfanin sarƙoƙin inji na Morse Chain, har ma an yi ta shirya finafinai marasa murya a can a shekarun 1910. Masu finafinai sun tashi tun da wuri, kamfanin bindigogi ya bar garin a shekarun 1980, tsohuwar masana'antar sarƙa da ke kan tudu ita ma an rufe ta, sai dai kamfanin kayan motoci na BorgWarner da ya gaji wani ɓangare na aikin yana nan a wajen gari. Abin da ya rage shi ne Cornell, da Kwalejin Ithaca da aka kafa a 1892, da asibiti, da baƙi masu zuwa kallon magangarar ruwa.

Ita Ames, kowane fannin da jami'arta ta yi fice a kai sai ya jawo wata hukuma ta zo ta kafa gindi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Frank Spedding, masanin sinadarai a jami'ar, da abokan aikinsa sun gano hanyar tace yuraniyom mai yawa domin shirin bam ɗin nukiliya, kuma daga wannan aiki ne aka samu cibiyar binciken gwamnatin tarayya ta Ames a 1947. Makarantar likitancin dabbobi, wadda ta fara tun 1879, tana da maƙwabtaka da babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ma'aikatar noma ta ƙasa. Hedikwatar ma'aikatar sufuri ta jihar Iowa ma a Ames take, ba a Des Moines babban birnin jihar ba. Ga kuma masana'antar taliya ta Barilla da masana'antun 3M da Danfoss. A ganina wannan shi ya fi lafiya ga ma'aikaci, domin wanda ya rasa aiki a wuri guda yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya kwashe iyalinsa ba.

Haraji shi ne ciwon Ithaca. Filaye da gine-ginen jami'a ba sa biyan harajin kadara, kuma fiye da rabin darajar kadarorin birnin na cikin wannan rukuni, alhali kuwa 'yan kwana-kwana da gyaran tituna kowa suke yi wa aiki. Bayan doguwar muhawara, a 2023 Cornell ta amince ta ɗaga gudummawar da take ba birnin daga kimanin dala miliyan 1.6 zuwa miliyan 4 a shekara, wasu mazauna kuma har yanzu suna ganin kuɗin ya yi kaɗan. Ga tsadar haya, saboda tafki da tuddai sun matse garin, ba babbar hanyar tarayya da ta ratsa shi, don haka ma'aikata da yawa a ƙauyukan kewaye suke kwana. Ames tana shimfiɗe a fili, kusa da babbar hanya mai lamba 35, kimanin kilomita 50 daga Des Moines, kuma haya ta fi sauƙi.

Sai dai kada a ɗauka Ames ba ta da rauni. Mafi yawan madogaranta kuɗin gwamnati ne, na jiha ko na tarayya, saboda haka idan aka tsuke kasafi dukkansu suke jin jiki lokaci guda. Ɗaliban jami'arta ma sun ragu daga sama da 36,000 a 2016 zuwa kimanin 30,000 a 2022, kuma masu gidajen haya da masu shaguna ne suka fara ganin giɓin. Cornell kuwa, saboda asusunta na biliyoyin daloli da yawan masu neman shiga, ba ta cika fuskantar irin wannan raguwar ɗalibai ba.