Shuka iri ko shimfiɗa ciyawa: amsa ga mai sabon gida a Minesota

Wani ɗan'uwanmu da ya sayi gida a gefen birnin Miniyapolis da ke jihar Minesota ta Amurka ya yi tambaya game da harabarsa. Ya ce gaban gidan gangara ne mai shan rana wuni guda, bayansa kuma manyan bishiyoyi sun rufe shi da inuwa, kuma ko'ina ƙasa ce tsirara in ban da 'yan ciyayin banza. Yana son sanin wanne ya fi masa: ya shuka iri, ko ya sayi ciyawar da aka riga aka raina a gona, wadda ake yankowa da ƙasarta a naɗo ta kamar tabarma a zo a shimfiɗa. Malam, Allah ya sanya albarka a gidan. A ganina harabarka ba ta buƙatar amsa ɗaya, domin gabanta da bayanta ba abu ɗaya suke nema ba.

Bambanci na farko shi ne lokaci, kuma a ƙasa mai tsananin sanyi shi ne ya fi kowane nauyi. Ciyawar shimfiɗa ana iya sa ta kusan kowane lokaci daga Mayu zuwa Oktoba, muddin ƙasa ba ta daskare ba kuma akwai ruwan ba ta. Iri kuwa lokacinsa ƙanƙane ne. Masana aikin gona na Jami'ar Minesota suna ba da shawarar a shuka daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, saboda a lokacin ƙasa tana da ɗumi, dare ya fara sanyi, ciyayin banza sun rage ƙarfi, kuma tsiron yana da makonnin da zai kafa saiwa kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Wanda ya shuka a Mayu zai ga tsiro, amma tsiron zai yi kokawa da ciyayin banza da zafin Yuli tun bai yi ƙwari ba. Ga kuma wani tarko: maganin da ake zubawa a farkon shekara don hana ciyawar banza fitowa yana hana irin da ka shuka fitowa shi ma. Idan Satumba ta wuce ka, gara ka jira Nuwamba, lokacin da sanyi ya kai yadda iri ba zai tsira ba, ka watsa shi ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, ya fito da kansa idan ta narke.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Shimfiɗa ta ninka iri tsada sau da yawa, musamman idan ɗan kwangila ne zai yi aikin. Abin da iri ya rage maka a aljihu kuwa zai karɓe shi a haƙuri da zirga-zirga da tiyo.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne nau'in ciyawar. Mafi yawan ciyawar shimfiɗa da ake sayarwa a yankinku Kentucky bluegrass ce. Tana jure hunturu ƙwarai, tana da kyan gani, kuma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, don haka idan yara suka ƙwaƙule wani wuri takan cike shi da kanta. Amma rana take so. Idan ka shimfiɗa ta ƙarƙashin bishiyoyin bayan gidanka, za ta yi kore shar a shekarar farko, daga nan ta riƙa sirancewa har ƙasa ta sake bayyana, kuɗinka kuma ya tafi. Mai shuka iri shi ke zaɓen abin da zai shuka, kuma abin da ya dace da inuwa shi ne fine fescue, wadda ganyenta siriri ne, ba ta cin ruwa da taki sosai, ko da yake ba ta son yawan tattakawa. Ka juya buhun irin ka karanta takardar da ke bayansa kafin ka biya. Idan ka ga perennial ryegrass ce ta fi yawa a ciki, ka ajiye shi, domin tana fitowa cikin mako guda ta faranta rai, amma hunturun Minesota yakan kashe ta. Kentucky bluegrass kuwa takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta leƙo, kuma mutane da yawa sukan ɗauka irin ya mutu su daina ba shi ruwa daidai lokacin da ya kusa fitowa.

A gangaren gaban gida shimfiɗa ce ke da rinjaye. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe iri da ƙasar sama ya tara su a bakin titi, alhali shimfiɗa tana riƙe ƙasa tun ranar farko. Sharaɗinta shi ne a sa ta a ranar da aka kawo ta, saboda idan ta kwana a naɗe cikin zafi takan ɗumama ta lalace. A jera ta a gicciye da gangaren, a matse bakin kowace da na 'yar'uwarta, kada mahaɗar layi ɗaya ta yi daidai da ta layin da ke biye. Bayan mako biyu ko uku ka kama gefe ɗaya ka ɗaga a hankali. Idan ta ƙi tasowa, ka kuma hango fararen saiwoyi sun shiga ƙasa, ta kama. Ka sa a ranka cewa ɗan zirin da ke bakin titi zai sha gishirin da ake zubawa don narkar da ƙanƙara, kuma Kentucky bluegrass ba ta jure gishiri sosai, saboda haka wannan zirin yakan buƙaci gyara a Afrilu ko Mayu.

Ba da ruwa ma ya bambanta. Iri yana son yayyafi kaɗan kaɗan sau biyu ko uku a rana, don kada saman ƙasa ya bushe, shimfiɗa kuma tana son jiƙo sosai kullum a makonnin farko. Da zarar sun kafu sai su zama ɗaya: kimanin inci 1 na ruwa a mako har da na sama, a bar tsayinta wajen inci 3, kuma kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a yanka guda.

Duk wanda ka zaɓa, gyaran ƙasa ne zai yanke hukunci, kuma a nan ne masu shimfiɗa suka fi yin sakaci, da yake koren yana rufe aibin da ke ƙasa. Idan ƙasar ta daddale, saiwa ba za ta ratsa ta ba. Ka aika samfurinta ɗakin gwajin ƙasa na jami'ar, ka kira lambar waya 811 a zo a nuna maka inda bututun gas da wayoyi suka bi kafin ka fara tono, sannan a sassauta ƙasar zuwa zurfin inci 4 zuwa 6, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, a baje da manjagara. Dokar Minesota tun 2005 ta hana zuba taki mai sinadarin fosfaros a ciyawar gida a faɗin jihar, amma ta yi rangwame ga mai kafa sabuwar ciyawa da wanda gwaji ya nuna ƙasarsa tana buƙata.

Shawarata ita ce ka shimfiɗa gaban gidan, ka shuka fine fescue a baya a rabin Agusta na biyu. Idan ganyen bishiyoyin ya fara zuba a Oktoba, ka riƙa kwashe shi a hankali daga kan sabon tsiron, domin ganyen da ya kwanta ya jiƙe ƙarƙashin ƙanƙara yana shaƙe ciyawa, yana kuma jawo fumfunar da ke barin tabo fari-fari idan ƙanƙarar ta narke.